Ƙafar Baban Tasha

Kowace safiya, kafin jirgin ma'aikata ya iso, tsohon yakan tsaya a bakin ɓarakar da aka yi wa shingen waya, ya zare takalminsa na dama, ya ɗora tafin ƙafarsa a kan ƙarfen dogo, ya runtse ido. A bayansa jama'a sun yi cirko-cirko: masu jakar ofis, mata masu goyo, da wani tela mai saɓe da kan keken ɗinkinsa. Idan ya ce "Bismillah," sai a kwarara a tsallake layi. Idan ya girgiza kai, ko wanda ya makara ba ya motsi.

Ga gada nan kuwa, an gina ta, an shafa mata fenti, matakalarta ta isa ta sa mai lafiya haki. Ba mai hawanta sai baƙi da awaki.

'Yarsa ce mai sanarwa a tashar. Ta tagar ɗakinta take kallon wannan abu, ta kuma gaji da kallonsa. Aikinta ta danna maɓalli ta ce, "Jama'a, don Allah a bi ta gada." Ta faɗa har maganar ta salance a bakinta. Lasifika na faɗa, mahaifinta na tsallakar da mutane a ƙarƙashin lasifikar.

Baban Tasha ake ce masa, ba kuma a banza ba. Ya kama aiki tun tashar tana rumfar kwano a tsakiyar gonaki, layi ɗaya tal, jirgi na zuwa da hayaƙi da tari. Shi ne mai bin dogo da guduma yana ƙwanƙwasawa yana ɗaure kusoshi, a wurin magabatansa kuma ya koyi sauraron ƙarfe da ƙafa. Birni ya taso ya cinye gonakin, aka ƙara layi, aka kawo jirage masu gudu ba hayaniya, aka sallame shi da kyautar agogon bango. Shi dai bai sallami kansa ba.

Akwai abin da jama'a ba su sani ba. Ita ta kai shi asibiti kan ciwon suga. Tana tsaye likita ya tsikari tafin ƙafarsa da allura, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, tsohon yana kallon rufi yana ba da labarin wani direban jirgi da ya rasu tuntuni. Likita ya gama ya ajiye allurar, sai tsohon ya ce, "To likita, ka fara mana."

A gida ta zauna gefen tabarmarsa.

"Baba, ƙafar nan ba ta ji."

"Uwata, ƙafar da ta ciyar da ke?"

"Ita. Mutane na bin ka da 'ya'yansu a baya."

"Na taɓa kashe wani?"

"Ba ka taɓa ba. Amma lokutan jirage ka haddace, da su kake aiki ba ka sani ba. Ran da aka sauya fa?"

Ya jawo rediyonsa ya murɗa. "Ki yi sanarwarki, in yi tawa."

Ta roƙi shugaban tasha, aka kawo mai walda ya toshe ɓarakar. Washegari an sake yanke ta, har ta fi da faɗi. Zancen ƙafar kuwa ta kasa faɗa wa kowa. Wa zai tona asirin mahaifinsa?

Wata safiya aka bugo mata waya daga tashar baya: jirgin da ba ya tsayawa ya yi latti, shi zai riga na ma'aikata wucewa, yana nan tafe. Ta ɗaga kai. Tsohon yana wurinsa, ƙafa a kan ƙarfe, ido a runtse.

"Jama'a, jirgi na tafe, a bi ta gada!"

Ko ɗaga kai ba wanda ya yi. Ta ga fuskarsa ta saki, ta ga wata mai goyo ta gyara zaninta za ta taka.

"Baba, janye! Jama'a, kada ku bi shi! Ƙafarsa ta mutu, likita ya soka masa allura bai ji ba!"

Muryarta ta cika tashar har kasuwar baya. Telan ya yar da kekensa ya fizgo tsohon ta wuyan riga, jirgin ya wuce fuu, iskarsa ta tafi da hular tsohon. Da ƙarar ta lafa, bai dubi tagarta ba. Ƙafarsa ya tsaya yana kallo.

Ya yi kwanaki a gida. Ta kai abinci ya ci, ta gaishe shi ya gyaɗa kai. Ba ta yi nadamar ihun ba, amma zancen allurar ya riƙa cin ranta. Wannan kam, da ma ba ta faɗa ba.

Ran nan za ta fita aiki sai ta gan shi a shirye. Ya bi ta har tasha, ya nufi gada. Ta riƙe gwiwar hannunsa suka hau, yana tsayawa yana hutawa, yana sake ja. A sama ya dafa ƙarfe yana haki, ya leƙa ƙasa.

Jama'a sun taru a bakin ɓarakar suna kallon-kallo. Can sai telan ya matso gaba, ya gyara tsayuwa, ya ɗora ƙafa a kan dogo, ya runtse ido. Ya ɗan jima, ya gyaɗa kai, aka kwarara.

"Uwata," in ji tsohon. "Dubi wannan sakaran. Ko takalmi bai cire ba."

Ta duba. Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, ga shi ta makara a aiki.