Yatsan da Alli Ya Cinye

Sau biyu na'urar ofishin fansho tana ƙin karɓar babban yatsan malamin lissafi. A zuwan farko, ma'aikaciyar da ke kan teburin ta ce ya goge hannu a jikin riga ya sake ɗorawa. A zuwa na biyu ta kama yatsan da kanta, ta juya shi wajen hasken taga, ta ƙura masa ido.

"Baba, ai babu zane a nan. Sumul yake kamar bayan cokali. Wane aiki kuka yi?"

"Koyarwa. Shekara talatin da biyar."

"To alli ne ya cinye. Ba ku kaɗai ba ne."

"A gwada na hagun mana."

"Na dama aka ce. Saura muku dama ɗaya, Alhamis ta sama. In ta sake ƙi, za a dakatar da fanshonku sai hedikwata ta duba."

Ya tambaye ta yaushe hedikwata ke dubawa. Ta ce ba ta sani ba, ta kira na bayansa.

A da, ɗan fansho kan je da katinsa sau ɗaya a shekara, a dube shi, a sa hannu. Bana aka canja tsari: sai na'ura ta shaida mutum yana raye, kuma a gama kafin ƙarshen wata. Malamin lissafi na cikin waɗanda suka yaba. Ya sha faɗa a wurin mai jarida cewa matattu sun daɗe suna cin rabon rayayyu, na'ura kuwa ba ta san ɗan uwa ba. Shi ya sa bai gaya wa kowa abin da ya faru ba, sai matarsa da 'yarsu, wadda take aikin jinya a wani gari.

'Yar ce ta ba da magani ta waya. A riƙa shafa basilin safe da yamma, a naɗe da bandeji, kada yatsan ya taɓa sabulu, ko ƙura, ko alli. In fatar ta yi laushi, ɗan zanen da ya rage zai iya fitowa.

"Alli kuma?" in ji matar. "Ina babanki zai ga alli? Shekara bakwai rabonsa da aji."

Kwana tara ya yi a haka. Yana tashi da sassafe kamar mai zuwa aiki, ya saurari labarai a rediyo, ya ba shukokin bakin ƙofa ruwa da hannun hagu. Guga, wadda bai taɓa yarda wani ya yi masa ba, ta koma hannun matar, shi kuma yana tsaye a kanta yana nuna inda karin wando ya karkace. Daga nan ya taka zuwa wurin mai jarida, hannun dama a aljihu, ya karanta manyan kanun labarai, ya dawo. Bayan azahar babu abin da ke jiransa sai kujerar baranda.

Ranar Laraba, jajibirin komawarsa ofis, ita ce ranar haɗuwar tsofaffin malamai. Duk dogon hutu, idan ɗalibai sun watse, sukan taru a tsohuwar makarantarsu su sha shayi. Matar ta ce ya haƙura da na bana.

"Ban taɓa fashi ba," in ji shi.

"To Malam, don Allah hannun nan ya zauna a aljihu."

Ɗakin malamai a kulle yake, sai maigadi ya buɗe musu aji na kusa da ƙofa. Suka zauna a kan bencin yara, gwiwoyi na dukan ƙasan tebur. Tsohon hedimasta ya ajiye fulas da fakitin biskit, ya buɗe rajistarsa mai baƙin bango. Ba ya fara zama sai ya kira suna, kuma da darasinsa yake kiran kowa, kamar yadda yake yi tun suna aiki.

"Tarihi."

"Ina nan."

"Kimiyya."

Shiru. Hedimasta ya ɗauko rula, ya ja layi a kan sunan a hankali. Aka ce Allah ya jiƙansa. Su goma sha huɗu suka fara wannan zama, yau su shida ne.

"Lissafi."

"Ina nan."

Ba a gama zuba shayi ba malamin tarihi ya ɗaga babban yatsansa sama. "Bugu ɗaya na'urarku ta karɓe ni. Fitilarta kore shar!"

"Dole ta karɓe ka," in ji hedimasta. "Shekara talatin kana zaune a kujera kana karantawa yara na rubutawa. Allin da na ba ka a zangon farko shi ka mayar mini ranar ritaya."

Aka yi dariya, har shi mai tarihin. Sai ya juyo. "Kai fa, Lissafi, lauyan gwamnati? Me ya sami hannunka?"

"Ɗan rauni ne."

"Allah ya sawwaƙe. Amma ka gaya wa mutanenka aikin nan ba zai ƙare ba. Na'ura ɗaya, tsofaffi ɗari tara ba a yi musu ba, kwana goma na aiki suka rage. Wasu sai an binne su a layi."

"Zai ƙare. Minti huɗu ne kowane mutum."

"Da baki ake lissafi? A ajinka yaro ya isa ya ba ka amsa bai nuna hanya ba? Ga allo can."

Akwai guntun alli a gindin allon, wanda wani ya bari tun ranar rufe makaranta. Malamin lissafi ya dube shi. Ya tashi da niyyar rubuta layi biyu da hagu, amma lambar farko ta fito a karkace kamar ta ɗan aji ɗaya, mai tarihi ya ce a kira iyayen yaron nan. Sai ya warware bandejin ya cusa a aljihu. Allin ya riƙa zamewa saboda maiƙo, ya murza yatsan a jikin dasta har ya bushe.

Hannun bai manta ba. Mutum goma sha biyar a awa, awa shida a yini, casa'in ke nan. Kwana goma, ɗari tara cif. Ya juyo yana kallonsu ta saman tabarau, muryarsa ta koma irin wadda ake ji daga aji na uku.

"Akwai tambaya?"

"Awar cin abinci fa?" in ji hedimasta.

Ya sa babban yatsa ya goge shida, ya rubuta biyar. Haka yake yi tun yana saurayi. Dasta na goge allo ne gaba ɗaya, lamba guda kuwa aikin yatsa ce.

"Wuta fa?" in ji mai tarihi. "Ranar da na je sai da aka ɗauke ta awa guda."

Ya goge biyar, ya rubuta huɗu. Ya goge abin da ke ƙasa, layi bayan layi, ya sake bi. Ƙurar alli ta sauka a kan takalminsa da gaban rigarsa. Bai ji nauyin gwiwa ba, bai tuna shayinsa na hucewa ba. Sittin a yini, ɗari shida a kwana goma. Ya rubuta 300 a ƙasa, ya ja layi biyu.

"Mutum ɗari uku ba za a kai kansu ba," ya ce. Ya ajiye allin. "Ban sa waɗanda na'ura ke mayarwa ba."

Mai tarihi ya buɗe baki zai yi murna, amma ya ga hedimasta ba allon yake kallo ba. Hannun yake kallo. Babu rauni a yatsan. Fari ne fat, ya bushe, fatar ta ɗan tsage a gefe.

"Zuwa na nawa?" in ji hedimasta.

"Gobe na uku."

Ba wanda ya ƙara magana a kan fansho. Aka koma zancen ciwon baya da tsadar magani, aka watse kafin la'asar.

Matar ta ga ƙurar a rigarsa tun daga bakin ƙofa. Ta kawo ruwan ɗumi ta jiƙa yatsan, ta lafta basilin ninki biyu, ta naɗe. Da 'yar ta kira, ta ce mata babanta yana hutawa.

Ranar Alhamis ya kama layi tun kafin a buɗe ofis, ya samu lamba ta goma sha ɗaya. Ma'aikaciyar ta gane shi. Ta ce ya hura wa yatsan iska, ya danna a hankali, ya danna da ƙarfi, ya mirgina. Fitilar na'urar ta yi ja a kowane karo.

"Ku yi haƙuri, Baba. Ni ina ganinku, amma ba ni ake tambaya ba."

Ta miƙa masa takarda mai hatimi. Ya sa tabarau ya karanta a tsaye: ba a tabbatar da mai wannan lamba ba, an dakatar da biya har sai an sanar. Ya ninke ta huɗu, ya yi godiya, ya ba na bayansa wuri.

Bai hau mota ba. Hanyar gida ta bi ta gaban makarantar, ya ga ƙofar ajin jiya a buɗe, maigadi na shara a can nesa. Ba a goge allon ba. Ya shiga ya tsaya a gabansa, ya bi lissafin daga sama har ƙasa, bai sami kuskure ba. Ya sa babban yatsa ya goge sifilin ƙarshe, ya ɗauki guntun allin ya rubuta ɗaya a wurin. Ya mayar da allin inda ya same shi, ya karkaɗe hannu, ya fita ya ja ƙofar.