Ofishin da Ya Koma Bakin Ƙofa

Ƙungiyarmu ta manoma da 'yan hatsi, wadda ofishinta ke Kumbiya-Kumbiya, ta iya fara aiki, wannan kam babu mai ja. An ta da ginin sito a Gabukka, an soma haƙa rijiyar burtsatse, an kwance injin motar kaya za a gyara. Kowanne an yi masa addu'a ran farawa, an ci shinkafa. Gamawa ce dai ba mu saba da ita ba.

Jennifer, 'yar unguwar Herwagana mai buga wa ƙungiya wasiƙu, ita aka tura kwas. Ta dawo ta ce abin da ya rage mana shi ne ofishi guda mai bin diddigin ayyuka, ya san wanda ke tafiya da wanda ya kwanta. Shugabanmu Alhaji Yuguda ya saurare ta har ƙarshe, abin da ba kasafai yake yi wa kowa ba.

Ya ce, "Na ba ki ɗaki da kujera. Amma takin bana yana hanya, kuma a sabon sito za a sauke shi. In ruwan sama ya taɓa shi, ofishin nan ya rufe, ki koma kan wasiƙunki."

Ta kafa allo a bango, ta kawo launi uku. Kore, aiki lafiya. Rawaya, aiki na ɗingishi. Ja, aiki ya tsaya. Duk mako masu riƙe da ayyuka su zauna gaban Alhaji, a zuba shayi, kowa ya faɗi launinsa.

Sito yana hannun Malam Ɗan'azumi, dattijo mai babur da ya girme ta nesa ba kusa ba.

"Bappa, yaya aikin sito?"

"Aiki da godiya, 'yata."

"To wane launi zan sa?"

"Wanne ne na godiya?"

Ta sa kore.

Mista Gilbert mai kula da burtsatse ne kaɗai ya taɓa cewa rawaya. Alhaji ya ajiye kofi ya tambaye shi ko akwai wanda ya ɓata masa rai. Kafin yamma mutane sun fara zuwa gidansa jaje, har da mai kawo masa maganin hawan jini. Mako na gaba burtsatse ta koma kore, ko da yake ɗigo ɗaya ba ta bayar ba.

Haka allon nan ya yi shar kamar gonar masara a tsakiyar damina. Alhaji yana jawo baƙi su zo su gani. Jennifer kuwa tana kallon gabas, inda hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Ta so ta je Gabukka da ƙafarta, aka nuna mata cewa zuwa duba aikin dattijo bayan ya ce lafiya daidai yake da kiransa maƙaryaci. Ta haƙura, tana ta rama.

Abin da ya cece ta ba daga kwas ta samo shi ba. Uwarta ce ba ta yarda babba ya tashi daga wurinka ka bar shi ya fita shi kaɗai ba. Wata rana an tashi taro, ta ɗauki ledar Malam Ɗan'azumi ta raka shi bakin ƙofa. Ya hau babur, ya gyara hula, ya ɗora ƙafa zai tayar, sai ya sauke ta.

"Af, dama 'yata, kafintan nan ya tafi sharar gona."

"Wane kafinta, Bappa?"

"Na sito. Katako dai ya hau. Kwano yana nan jingine. In kin shiga ciki kina ganin sama tas, har shaho."

Ta riƙe ƙarfen ƙofa. "Bappa, yanzun nan ka ce kore."

"A ciki ke nan. Mutum yana zaune da shayi a hannu, jama'a na kallo, sai in watsa masa wannan? Kuma kafintan ɗan ƙanwar Alhaji ne. Ke ma da wasa." Ya tayar da babur. "A gaida mutan gida."

Daga ranar Jennifer ta gajarta taro ta tsawaita rakiya. A ciki a yi gaisuwa, a faɗi kore, a shanye shayi. A waje ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A bakin ƙofar nan ta ji cewa masu haƙa burtsatse sun ci karo da dutse sun kwashe kayansu, kuma injin mota yana gareji, kaza ta yi ƙwai a cikinsa. Babu wanda ya ɓoye mata komai. Sai dai kowa sai ya sa takalmi ya ba da baya tukuna, sannan "af, dama" ta fito.

Saura Alhaji. Ranar da aka ce motar taki ta kusa, an wayi gari da ƙanshin ƙasa, alamar an yi ruwa a wani wuri ba nisa. A taro ya dubi allo ya ce madalla. Da ya tashi ta ɗauki jakarsa ta bi shi har mota. Ta bari ya zauna, direba ya tayar, sannan ta sunkuya ta taga.

"Af, dama Baba, sito babu rufi."

Bai ɗaga murya ba. Ya dubi gaba ya ce, "Yaron nan ya tafi gona ko?"

"Ya tafi, ranka ya daɗe."

"Uwarsa ta gaya mini tun tuni, da na raka ta. Jira nake wani daga cikinku ya faɗa, don kada a ce ni na tsige ɗan 'yar'uwata." Ya gyara zama. "Ki nemo wani kafinta. In an tambaya, ki ce taya shi ake yi."

Ta samo wani kafinta Isaiah a unguwarsu, ya hau rufin da mutanensa. Ana buga kwanon ƙarshe ana yayyafi. Taki ya shiga a bushe, ruwa ya sauka a kan rufi kamar da gayya, ya gangare. Ofis bai rufe ba.

Da mutanenmu masu barin abin kirki yadda yake ne, da nan labari ya ƙare. Amma a babban taro Alhaji ya miƙe ya yaba wa sabon tsari, ya ce tunda a bakin ƙofa ake samun gaskiya, bai dace a bar ta a tsaye cikin rana ba. Aka kafa kwamitin rakiya, Mista Gilbert ne shugaba. Aka jera benci a bakin ƙofa, aka fito da shayi, aka ɗauko allon aka rataye a jikin katanga. Alhaji da kansa ya zauna a tsakiya, ya ce a kafa rumfa, kuma Malam Ɗan'azumi ya kula da aikin.

Mako ya zagayo. Ginshiƙan rumfa sun tsaya, sama babu komai, rana tana dukan hular kowa.

"Bappa, yaya aikin rumfa?"

"Aiki da godiya, 'yata."

Ta sa kore. Da aka tashi ta cire takalmin ofis ta sa silifas, ta ɗauki ledarsa. Ya tura babur ya wuce benci, ya wuce mai gasa masara, ya wuce kwana, tana biye da shi. Sai da suka kai bakin titi, ya waiwaya ya tabbatar ba a hango su daga ƙofa, sannan ya sauke ƙafa.

"Af, dama 'yata."