Rawanin Abu Daktora

Duk unguwar Hillat Kuku babu wanda bai san rawanin Haj Abdullahi mai gyaɗa ba. Kafin mutumin ya shawo kwanar kasuwa, rawanin ya riga shi isowa, fari ƙal, naɗi kan naɗi. Da can ba haka yake ba. Shekarar da 'yarsa Mawahib ta gama karatun likita ce ya ƙara wa rawanin yadi, ya kuma sanar da 'yan kasuwa cewa daga yau sunansa Abu Daktora, wato uban likita. Wanda ya manta ya ce "Haj" kawai, sai ya ga an auna masa gyaɗa babu gyara.

In matarsa Hadizatu ta taɓe baki, sai ya zaunar da ita ya yi mata karatu, don shi mutum ne mai son rarrabe kalmomi.

"Hajja, ke ba ki gane ba. Wannan alfahari ne. Alfahari shi ne Allah ya yi maka ni'ima ka ji daɗi, ka faɗa wa mutane. Taƙama kuwa a tafiya take, irin ta yaran sojan nan da ke tsaye bakin gada. Mutunci shi ne ka ƙi miƙa hannu ko cikinka na kuka. Shi girman kai daban ne, ciwo ne, shi ne mutum ya ga nasa ya raina. Allah ya raba mu da shi."

"Amin," in ji Hadizatu tana tankaɗen gari. "To wa ke fama da ciwon?"

"Yaya Zubairu mana! Shekara ta kusa zagayowa bai tako gidan nan ba."

Kai, jama'a, bakin mutum! Ga yadda aka yi. Zubairu wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, direban hafila, wato ƙaramar bas ɗin da ke jigila daga Umdurman zuwa unguwar Haj Yusuf. Shi ya goya shi a gonakin audugar Jazira lokacin da iyayensu ke tsintar auduga ana biyansu. Kuma bai taɓa kiransa Abdullahi ba, sai Gwadabe, sunan da uwarsu ta laƙaba masa don a kan hanyar zuwa Makka ta haife shi. Ranar walimar Mawahib, ana zaune da likitoci da malaman jami'a, sai ga Zubairu ya faɗo da jallabiya duk baƙin mai, yana murna, yana ƙwala kira tun daga ƙofa: "Gwadabe! Gwadabe, mun yi likita!" Abu Daktora ya yi kamar ba da shi ake ba. Da wani baƙo ya tambaya wane ne wancan, ya ce, "Wani direba ne, ɗan wajenmu."

Zubairu ya ji. Ya ajiye kofin da aka miƙa masa, ya rantse a gaban kowa cewa ko ruwan gidan ba zai sake sha ba sai ranar da mai gidan ya amsa sunansa a bainar jama'a. Ya juya ya tafi. Wannan rantsuwar ce Abu Daktora yake kira girman kai.

Amma a yi masa adalci, yana da abu guda da ya isa a yi alfahari da shi. Gidansa a bakin kwalta yake, kuma duk azumi, in rana ta yi ja, shi ke jagorantar maza su shimfiɗa tabarmi a gefen titi, kowane gida ya fito da tire: asida, wato tuwon ƙasar, da miyar kuɓewa, dafaffen wake, dabino, ƙosan Hadizatu, da abre mai sanyi, abin shan nan na tsiron dawa. Sai maza su shiga tsakiyar hanya su tare motoci, wanda ya ƙi tsayawa a miƙe masa rawani daga wannan gefe zuwa wancan, don babu direban da zai keta rawanin dattijo ya kwana lafiya. Tun da ya fara, ba a taɓa kiran salla wani ya wuce ƙofarsa da yunwa ba. Har motar sojoji ya taɓa tarewa, a shekarar da sukari sai da katin rabo na gwamnati, suka sauko da bindigoginsu suka zauna, babbansu har da neman ƙarin ƙosai. Sai dai fa, rawunan maƙwabta ake miƙewa. Nasa ba ya sauka daga kai.

To, a wannan azumin akwai ranar da ya yi babban baƙo, Ustaz Abdulrauf, tsohon mai duba makarantu daga Umdurman, wanda ɗansa ke neman auren Mawahib. Abu Daktora ya sa an goge rawani da sitaci, ya zaunar da baƙon a kan sabuwar darduma, yana ba shi labarin zuri'arsu. Ya ambaci malamai, ya ambaci alhazai. Auduga kam bai ambace ta ba.

Rana na dab da faɗuwa, maƙwabta duk sun ruga can ƙasa suna kokawa da wata babbar motar albasa, sai ya hango koriyar hafila ta ɓullo daga wajen Bahri, maƙil da mutane. Ko cikin motoci dubu ya san wannan lotsattsen goshin. Zubairu kullum kafin la'asar sakaliya yake gama aiki don kada shan ruwa ya same shi a Kuku. Ashe yau sojoji sun rufe gadar Shambat wani babba zai wuce, aka shanya motoci a rana har yamma.

Abu Daktora ya shiga titi yana ɗaga hannuwa. "Bismillah! Ku sauko, don Allah!"

Hafila ta rage gudu, ta kauce hagu za ta zagaye shi. Ya yi hagu. Ta yi dama. Yana iya ganin fuskokin mutane a tagogi, tsofaffi mata leɓe a bushe, wani ya jingina kai da gilashi. In motar nan ta wuce, shi ke nan, za a ce an wuce ƙofar Abu Daktora da yunwa, kuma a gaban suruki. Bai san sa'ad da hannunsa ya kai kansa ba. Ya fizge rawanin, hula ta bi shi ta yi cikin ƙura, ya cilla wa baƙonsa gefe ɗaya.

"Ustaz, riƙe! Ja da ƙarfi!"

Ustaz Abdulrauf ya zabura ya cafke. Yadin da aka ƙara saboda Daktora ya yi rana, don rawanin ya tare titin kaf har da saura. Hafila ta ja birki, goshinta na shafar farin ƙyalle. Can masallaci ladan ya ɗaga murya.

Fasinjoji suka sauko suna sa albarka, aka yi ta miƙa dabino. Mutanen unguwa da suka dawo, maimakon su dubi abinci, sai suka tsaya kallon abin da ba su taɓa gani ba: sanƙon Abu Daktora, tas, yana ƙyalli kamar sabon kwano.

Direba kaɗai bai sauko ba. Ya kashe mota, ya harɗe hannuwa a kan sitiyari, ya ƙura wa hanya ido. Yaron motarsa ya kai masa ruwa, ya tambayi na ina ne, da aka ce na gidan ne ya girgiza kai.

Abu Daktora ya ɗebo abre a kwano ya je bakin taga. Ya yi ƙasa da murya. "Yaya, an kira salla. Jinkirta buɗa baki ba kyau."

Zubairu ya ci gaba da kallon hanya.

"Yaya, don Allah, ina da baƙo. Ka sha, gobe in zo har gida ka kira ni duk abin da kake so."

Zubairu ya juyo. Ya rame, gemun ya yi fari fiye da bara, leɓensa ya tsattsage. Ya dubi tabarmi cike da mutane, ya cika ƙirji, ya saki muryar da yake kiran fasinja da ita a tashar Umdurman.

"Gwadabe!"

Cokula suka tsaya. Ustaz Abdulrauf, da har yanzu yake riƙe da bakin rawani don ba wanda ya ce ya saki, ya waiga hagu da dama. "Wa ake nema? Wane ne Gwadabe?"

Mai gida ya dubi kwanon da ke hannunsa. Kunya ta kama shi, kuma a karon farko ya gane ba kunyar sunan ba ce, ta kansa ce. Wan nan nasa tun asuba bai sa komai a baki ba, ga ruwa a gaban hancinsa.

"Na'am," ya ce, can ƙasan maƙoshi.

"Injin mota ya kashe mini kunne. Gwadabe!"

"Na'am, Yaya!"

"Har yanzu dai..."

"Na'am! Na'am! Ni ne Gwadabe! Ustaz, wannan wana ne, ciki ɗaya. Shi ya goya ni a gonar auduga. Ka sha ruwan nan, Yaya, kafin hannuna ya tsinke!"

Aka tuntsire da dariya, har masu motar albasa. Zubairu ya karɓi kwano ya yi bismillah, ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga ƙasansa. Ya share gemu, ya ce a hankali, yadda su biyu kaɗai za su ji, "Tun da Inna ta rasu, saura ni kaɗai ke kiranka da shi. In na bari, wa zai kira?"

Gwadabe ya karɓi kwanon. Ya buɗe ƙofar motar, ya riƙo hannun wansa ya sauko da shi, ya kai shi har kan sabuwar darduma, kusa da Ustaz.

Da ya shiga gida da tire bayan salla, rawani a dunƙule a hammata duk baƙin ƙura, Hadizatu na tsaye bakin ƙofa. Ta leƙa ta ga komai.

"To, Haj, na yau a wane gida za mu sa shi? Taƙama ko mutunci?"

Ya dire tiren, idonsa jajir. "Hajja, kin ga yadda ya ci? Shi kaɗai ya share kwanon asida, ya bi da ƙosanki. Duk Umdurman babu direban da zai zauna da Yaya a kan tire!"

"Wannan fa?"

"Wannan alfahari ne," ya ce, yana goge ido da bakin rawanin. "Zuba masa ƙari."