Kore Na Shugaba Ne

Tun da ɓarin jikin Ekkehard na dama ya shanye a farkon kaka, bai ƙara taɓa alƙalami ba. Ƙafar ta dawo, yana jan ta har bakin kogi da sandarsa. Bakin ma ya dawo, da ƙarfinsa kuwa, don duk wanda ya san mijina ya san ba ta nan ciwo zai ci galabarsa ba. Hannun ne ya rage. Mai gashin ƙashin da ke zuwa mana gida ta ja ni gefe a bakin ƙofa, ta ce yatsun da sauran ransu, amma in bai riƙa sa su aiki ba kafin hunturu ya fita, sun ƙage ke nan. Ta ce ba abin da zai taimake su kamar rubutu.

Da na faɗa masa, sai ya ce, "In rubuta me? Ke ba ki ga abin da ya fito ba ranar da suka ba ni takarda a asibiti? Kaji ma in suna tono sun fi ni tsari."

Ekkehard akawu ne a ofishin gundumarmu tun yana saurayi har ya yi ritaya, kuma a garin nan ba wanda ya kai shi kyan rubutu. Maƙwabta har katin biki suke kawo masa ya rubuta musu sunayen baƙi. Ni kaina rubutun na fara so kafin mutumin, don mutumin wasu kunnuwa gare shi kamar faranti. Yanzu ga alƙalumansa kwance a aljihun tebur, tawada ta bushe a cikinsu. Wata safiya yana shafa man shanu a burodi da hannun hagu, ya ce in tattara su in kai wa matan coci su sayar a kasuwar Kirsimeti.

"Fayil in ya ƙare rufe shi ake yi, Traudel, a kai shi ɗakin ajiya na ƙasa."

Na san ba alƙaluman yake nufi ba. Maganar ta soke ni ƙwarai, amma na yi kamar ban ji ba, na tambaye shi ko zai ƙara kofi.

Ranar Asabar bayan na gama cefane na biya shagon Uwargida Oltmanns mai takardu da alƙaluma, da nufin in sayo masa shuɗiyar tawadar da ya saba, ko ganin sabuwar kwalba zai motsa shi. Na tarar ta jera wasu ƙananan kwalabe a kan kanta, da tsinken gilashi na tsomawa, kowa ya gwada. Ta tura mini ɗaya.

"Gwada wannan, jiya ta iso. Ni dai tun safe nake ɓata takarda da ita kamar yarinya."

Na tsoma na ja layi. Da danshinta baƙa ce wuluk, har na ce mene ne abin yabo a nan. Ina tsaye sai ta fara buɗewa a hankali, ta koma kore mai duhu, irin na ganyen kabejinmu na hunturu bayan sanyi ya doke shi. Rabon da wani abu ya ba ni sha'awa haka tun kafin ciwon. Na ce ta naɗe mini.

Sai da na kai kan gada na tuna abin da na yi. Kore! Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, matar akawu ta san cewa a ofis kowa da launinsa: shugaba shi kaɗai ke rubutu da kore, mataimakinsa da ja, sauran bayin Allah da shuɗi ko baƙi. Ekkehard ya riƙe wannan doka kamar da ita aka haife shi. Ko a gida bai taɓa yarda an bar koren biro kusa da wayar tarho ba. Na tsaya a kan gadar da kwandona ina shawarar komawa in canza. Sai na ce a raina, ai tsohon nan lallashi ya gaza a kansa, bari mu ga abin da tsokana za ta yi.

Da la'asar na ajiye kofi da kek ɗin tuffa. Yana bayan jarida. Na ɗauko alƙalamin da ya fi so, baƙi mai bakin zinariya, na dire kwalbar a tsakiyar tebur da ƙarfi yadda zai ji. Jaridar ta sauko kaɗan.

"Mene ne wannan?"

"Tawada."

"Ina da ido. Wane launi ce?"

"Ka ce kana da ido."

Ya sha kunu. "Kore na shugaba ne, Traudel."

"To ni ce shugabar gidan nan, tun da mai muƙamin ya ce an rufe fayil ɗinsa."

Ya mayar da jaridar ya yi kunnen uwar shegu da ni. Na buɗe kwalbar na nufi tsoma alƙalamin haka nan, da busasshen shuɗin da ke cikinsa. Ashe ta saman jaridar yake leƙe.

"Ke! Ba a wanke ba za ki tsoma? So kike ki ɓata kwalbar gaba ɗaya? Kawo ruwa a kofi. Mai ɗumi, ba mai zafi ba, ba shayi za ki haɗa ba."

Na kawo. Yana ba da umarni ina zuƙar ruwan da alƙalamin ina fesarwa, har ruwan ya daina fitowa da shuɗi. Na cika shi da koren, na goge bakin, na jawo takarda. Sai na kafa alƙalamin na danna da gangan har bakin ya fara buɗewa. Allah ya sani ni ma sai da na ji tausayin alƙalamin.

"Kada ki danna! Wayyo, za ta kashe shi. Dankali kike ferewa?"

"To yaya ake yi? Ni haka na iya."

"Kawo nan!"

Ya fizge da hannun hagu, ya cusa shi tsakanin yatsun dama, ya gyara musu zama ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin ya ga inda na kai shi. Ya dube ni, na dubi kek. Na san in ya ajiye shi yanzu ba zai ƙara ɗauka ba.

Bai ajiye ba. Ya sauke bakin a kan takardar, hannun yana rawa, ya fara sunansa. Harafin farko ya karkace, na biyu ya hau kansa, kafin ya kai ƙarshe layin ya gangara kamar zai faɗo daga takardar. Ya tsaya yana kallo. Kunnuwan nan suka yi ja, na ga kunya ƙarara a fuskar mutumin da bai taɓa jin kunyar hannunsa ba.

Na jawo takardar na ɗaga ta wajen taga, na ƙanƙance ido.

"Ikon Allah. Wannan ai rubutun Dokta Hasselbrink ne."

Dokta Hasselbrink shi ne shugaban da ya fi daɗewa a kansu. Shekaru na yi ina cin abincin rana da ƙorafin rubutunsa: yadda fayil zai sauko da koren zane a gefe, ofis duka a taru a kai ana canki-canki, wani ya ce "a biya" aka rubuta, wani ya rantse "a bincika" ne.

Ekkehard ya karɓi takardar ya duba. Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

"Kada ki zage ni. Nasa ya fi wannan muni."

"Ka taɓa ganin shugaba mai kyan rubutu?"

"Ko ɗaya." Sai dariya ta kuɓuce masa, irin wadda na manta da sautinta. "Shi ai abu biyu kawai ya iya da kyau. In ya ja layi ɗaya, ya gani ke nan, a wuce da shi. In ya yi layi biyu a giciye, to wannan nasa ne, a dawo masa da shi, ba mai rufe shi sai shi."

Ya sake jawo takardar. Ya ja layi, ya ja wani, ya yi da'ira da ta ƙi haɗuwa. Kofinsa ya huce bai sani ba. Na lura duk inda hannun ya yi rawa ya ɗan tsaya, tawadar takan taru ta yi duhu, inda ya wuce da sauri kuma ta yi haske, har layi ɗaya ya zama kore iri-iri. Shi ma ya gani. Ya sunkuya yana jira ta bushe.

"Ruwa ya yi mata yawa," in ji shi. "Ba ta bushewa da wuri. Kuma takardar nan ta banza ce, tana tsotsewa. Ranar Litinin ki ce wa Oltmanns ta ba ki mai santsi."

"To, ranka ya daɗe."

"Amma launin ba laifi."

Daga bakin Ekkehard, wannan kirari ne. Na fara tattara faranti don kada ya ga idona. Na ce, ina kallon cokula, "Matan coci fa? Gobe bayan sujada za su tambaye ni alƙaluman."

Ya kama hannuna da hagunsa ya kwantar da shi a kan tebur, ya ce in daina motsi. Na ji sanyin bakin alƙalamin a bayan hannuna. Ya ja layi ɗaya, a karkace, yana numfashi da ƙarfi kamar mai hawan bene. Ya huta. Sannan ya ɗaga hannunsa na dama da kansa, ba tare da hagun ta taimaka ba, ya ja na biyu a giciye.

"Kada ki shafa," ya ce. "Na faɗa miki ba ta bushewa da wuri."

Ranar nan, da hannu ɗaya na wanke kofuna.