Wankan Gawayi

Ranar da giwar yayana Ko Nyein ta haihu a dajin Bago, bai yi murna ba. Ya dubi ɗan, ya dubi idonsa mai ruwan zuma, sai ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Duk giwa in ta jiƙe baƙi take ƙarawa. Wannan kuwa ruwan rafi na taɓa shi sai ya koma ja-ja kamar cikin gwanda.

Irinsa ake kira farar giwa, kuma kowa a ƙasarmu ya san farar giwa ba ta talaka ba ce. Ta masu mulki ce, wai ita ce shaidar sama ta yarda da su. Da sun ji labari za su zo su raba shi da uwarsa, ga shi ko nono bai saki ba.

Muka shiga shafe shi da laka da garin gawayi kullum da safe, har sunan Gawayi ya bi shi. Mahaifiyarmu, Daw Sein Pu, ba mu gaya mata ba. Tsohuwa ce mai ibada, amma magana ba ta kwana a cikinta.

"Wannan ɗan naku ƙazami ne," in ji ta. "Ko alade ya fi shi tsabta."

"Ubangidansa ya gado, Inna," na ce, ina hararar Yaya.

Sai bikin ruwa ya zo, lokacin da kowa ke watsa wa kowa ruwa don a wanke dauɗar shekarar da ta wuce. Yaya ya ɗaure Gawayi da uwarsa cikin kurmin gora a bayan gari, muka kai sadakar shinkafa gidan ibada. Mun manta Inna ba ta iya barin mai rai ya shiga sabuwar shekara da datti. Ashe ta ɗauki kwanonta na azurfa, matan unguwa suka bi ta da bokitai.

Da muka dawo, rabin gari na durƙushe a gaban kurmin, samari sun ɗaga wayoyi. Gawayi na tsaye fes, yana wasa da ruwa.

"Nyein, sakarai, zo ka ga abin da kake kiwo ba ka sani ba!" Inna na kuka tana dariya. "Albarka ta shigo gidanmu!"

"Inna, kin kashe shi," in ji Yaya, muryarsa can ƙasa.

Na ji haushinta ranar, haushin da ban taɓa jin irinsa ba, kuma na rasa inda zan sauke shi.

Mutanen masu mulki suka zo da babbar mota da fararen laimomi, suka ɗauki Gawayi. Uwar kuwa suka ce bayanta duk tabon aikin jan gungumen katako ne, ba ta dace da idon manya ba. Ta bi motar har sarƙar ƙafarta ta fizge ta ta faɗi. Nononta ya yi ta zuba a ƙasa, ta daina cin abinci. Kafin damina ta sauka mun binne ta.

Bayan girbi Inna ta dage sai na kai ta birni. Mun sami Gawayi ƙarƙashin rufi mai ruwan zinariya, a kan siminti, da guntuwar sarƙa a ƙafa. Fatarsa ta bushe ta tsattsage, haƙarƙari a waje. Kansa kawai yake kaɗawa, dama da hagu, ba tsayawa. Masu ziyara na cewa albarka yake sa musu.

Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta kwance ƙullin da ta riƙo tun daga gida, ta fito da kwanon azurfarta, ta nufi shingen da ke kewaye da shi.

"Kaka, ba a ba shi abinci," in ji mai gadi.

"Ba abinci ba ne, jikana. Laka ce daga rafinmu. Tasa ce, ni na wanke masa ita."

Mai gadin yaro ne mai ladabi. Ya karɓa, ya juye lakar a kwata, ya ɗauraye kwanon tas, ya miƙo mata da hannu biyu.