Hancin Zukiswa

Tun wani zazzaɓi da ya kwantar da ita bara, Zukiswa Dyantyi ta daina jin ƙamshin komai. Ga mai alƙalancin giya kuwa, wannan mutuwar tsaye ce. Hancin ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, amma da ta iso gasar ƙananan masu dafa giya a garin George, shugaban alƙalai, Baba Faan Terblanche, ya tare ta a bakin rumfa.

"'Yar nan, da kin zauna a gida kin huta. Kowa ya san halin da kike ciki."

"Baba, kujerata na zo nema, ba jaje ba."

Aka fara jero kofuna, babu sunan mai giya a jiki. Duk giyar alkama ce mai laushi a baki. Can aka kawo wata mai launin ruwan zuma, kumfarta fara tas. Zukiswa ta kai hanci. Ƙamshin ɓawon lemo ya buge ta, da gwaiba, da ɗanyar ciyawa. Mai dafawar ya zuba furen hop, mai sa giya ɗaci, bai tausaya ba. Ta kurɓa. Ɗacin ya riƙe mata harshe, sannan alkamar ta biyo baya a hankali kamar burodi mai ɗumi. Idonta ya kawo ruwa.

Baba Faan ya ture kofinsa. "Wannan ba giyar alkama ba ce, maganin shawara ne. A fitar da ita."

"Ni a wurina ita ce ta ɗaya," in ji Zukiswa.

"Kun ji ko? Hancin da ya mutu, sai an daka masa barkono yake motsi."

Sauran alƙalan suka kwashe da dariya.

"Ku gama dariyar ku nuna min aibinta. Ta yi tsami ne? Ta yi wari?"

"Ba haka ake yin ta ba," in ji Baba Faan.

"To, yau an yi."

Aka ɗaga hannu, kowa ya bi Baba Faan, ban da ita. Ta miƙe da kofinta, ta bi rumfunan masu dafawa tana shinshina har ta gano mai giyar, wani siririn mutum mai suna Elroy Plaatjies, yana haɗa kayansa fuska a murtuke.

"Anti, an ce in rage ɗacin in dawo baɗi."

"Ka rage ko ƙwaya ɗaya, ni da kai ne. Cika min."

Ba a sake gayyatar ta alƙalanci a George ba. Elroy kuwa bai rage komai ba.