Taka, Riƙe, Saki

Wata ranar Asabar, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, matata ta leƙo ɗakin karatuna da sifana, abin kwance noti, a hannu ta ce in zo in taka mata birki. Na ce ina tsakiyar babi. Ta ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan ta fita ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinmu, wani bakanike. Shi ba ya tsakiyar komai.

Motar tsohuwar jif ce da ta gada daga mahaifinta, mai aikin awon ƙasa, kuma a wurinsa ta koyi gyara. Ta girmi aurenmu. Ƙofar baya ba ta rufuwa sai an sa mata gwiwa, ruwan sama kuwa yana shiga ta inda ya ga dama. Matata ma'aikaciyar jinya ce, amma ranar hutunta ta motar ce. Ni shekara talatin na yi a maɗaba'a ina gyara rubutun mutane, ina cire waƙafi daga inda bai dace ba. Dukanmu masu gyara ne. Nata ne kawai ke tashi ya yi tafiya.

Ga wanda bai sani ba: idan iska ta shiga man birki, sai ƙafa ta nutse har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Cire iskar aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana kwance a ƙarƙashi yana buɗe wani ɗan noti a bayan taya, ɗaya yana kujerar direba yana taka birki. Na ƙasa shi ke ba da umarni. Matata ce a ƙasa. Bakanike, mutum mai garejin kansa, wanda ba ya jin maganar kowa a unguwa, shi ne a kujera.

"Taka."

"Na taka, Direba."

"Riƙe."

"Na riƙe."

"Saki."

Direba yake kiranta. Tagar ɗakin karatuna tana kallon tsakar gida, birkin motar kuma yoyo yake yi, don haka duk wata biyu ko uku sai na saurari wannan karatu, taya huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin abin kunya ba. Sau da yawa ma matarsa na zaune a kan benci tana saƙa. Da na ga wani abu da na huta, don laifi ko ba komai ana iya nuna shi da yatsa. Abin da nake ji dariya ce kawai, wata dariya da ke fitowa daga ƙarƙashin mota, wadda ba ta taɓa shigowa da ita cikin ɗaki ba. Na karanta littattafai da yawa a kan mazan da kishi ya mayar abin dariya, kuma na gyara kurakuran wasu daga cikinsu da hannuna. Bai taimaka ba.

Ta rasu wata takwas da suka wuce, bayan jinyar mako uku. Na rufe motar da tamfol, na ɗora duwatsu a gefuna.

'Yarmu, wadda har yanzu nake kira Auta duk da tana da 'ya'ya biyu, ta zo kwashe kayan uwarta. Ta gama da ɗaki, ta fito ta tsaya gaban tamfol.

"Baba, akwai maganar da Mama ta bar mini a asibiti."

"Ni ba ta bar mini ba."

"Ka fita sayen magani ne. Ta ce idan ba za ka tashi motar ba, a ba wa Bakanike, kada ta ruɓe a tsaye."

"Shi ya turo ki?"

"Bai ma sani ba. Baba, kai ko fitila ta mutu sai ka jira Mama ta dawo daga aiki."

"Ina jira ne don kada in hana ta jin daɗi."

"To. Ƙarshen wata zan dawo. In tana tafiya, taka ce. In ba ta tafiya, zan cika wa Mama maganarta."

Bakanike ya yi shekara goma sha ɗaya a kujerar motar nan. Ban ga dalilin da zai sa ya tafi da ita gidansa ba.

Washegari na yaye tamfol. A aljihun ƙofa na sami littafin gyaran motar, mai kauri, duk shafinsa da tabon baƙin mai. Na ce to, an zo wurina. In dai a rubuce yake, babu abin da zai gagare ni. Sai na ga ba ni ne farkon mai gyara a littafin ba. A gefen shafuka akwai rubutunta da fensir, ƙanana, a karkace.

Ya ce a fara duba wayar batir kafin a zargi sitata.

Ya ce filogi na uku ne ke fara yin baƙi.

Ya ce kada a yarda da allurar mai, sanda ta fi ta gaskiya.

Ya ce. Babu suna ko sau ɗaya. A maɗaba'a da marubuci ya kawo mini irin wannan, sai in ja layi in rubuta a gefe: wa ya ce? A nan ban buƙaci tambaya ba. Mace ba ta barin suna sai in sunan ya cika mata kai har ba ta ganin amfanin rubuta shi. Na bi shafi-shafi na ƙirga. Arba'in da uku.

Na yanke shawara zan bi bugun maɗaba'a in bar fensir. Na kai batir caji a wata unguwa mai nisa don kada labari ya zagayo. Na zubar da tsohon fetur. Na cire filogi huɗu na goge su da burushin waya. Na ukun ne ya fi baƙi, ban ji daɗin hakan ba. Na fasa ƙumba biyu, na buga goshi a boneti, na gano cewa mutum na iya zagin noti da jimla cikakkiya mai bin ƙa'ida. A kwana na tara injin ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya kama. Hayaƙi ya cika tsakar gida. Na zauna a ciki ina jin duk ƙarfen yana rawa a ƙarƙashina. Kujerar tana matse kusa da sitiyari, daidai tsawon ƙafarta. Ban matsar da ita ba.

Sai na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka soso.

Littafin ya ce a nemi mataimaki. Na ga wannan ra'ayin marubuci ne. Na samo sandar tsintsiya, na taka birki, na tokare shi da ita a jikin kujera, na sauko na rarrafa ƙarƙashi. Kafin in kai ga notin sandar ta zame. Sau shida muna haka. A na bakwai ta tsaya. Na buɗe notin, mai ya fito da kumfa ta ɗan tiyo zuwa kwalba, na ji kamar na ci jarrabawa. Saura in ɗaure. A gefen wannan shafin fensir ya ce: Ya ce da yatsu biyu ake ɗaure shi, ba da hannu ba. Na kama sifana da hannu biyu. Notin ya yi wata 'yar ƙara, kansa ya faɗo mini a ƙirji, sauran ya zauna a ciki.

Ina kwance ina kallon man yana ɗiga sai na ga takalma biyu a gefen taya.

"Malam, sannu da aiki."

"Yawwa."

"Tun jiya na ji muryar motar. Na ce wa matata, ko dai Malam ne, ko ɓarawo mai haƙuri."

"Ƙofa a rufe take."

"A buɗe take. Me ka karya?"

"Wa ya ce na karya wani abu?"

"Shirun da ka yi. Na san shi, a gareji kullum ina jin irinsa."

Na fito da ƙyar. Ya tsufa shi ma, ban lura ba sai ranar. Gemun ya yi fari, yana dafa ƙugu in zai sunkuya. Na miƙa masa kan notin. Ya juya shi a tafin hannu.

"Da yatsu biyu ake ɗaure wannan."

"Na karanta."

Ya buɗe ƙofar fasinja, ya zura hannu ƙarƙashin kujera bai ko duba ba, ya jawo wani gwangwanin madara. A ciki akwai sababbin noti biyu naɗe a tsumma. Kwana goma ina cikin motar nan ban san da gwangwanin ba.

"Ta san wata rana wani zai karya," in ji shi.

Na ɗauko littafin na buɗe masa a kan boneti. "Tunda ka zo, ga maganganunka. An tattara maka su kamar na wani babban malami. Arba'in da uku."

Ya goge hannu a wando, ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa a hankali, leɓensa na motsi.

"Wannan ni ne. Wannan ma. Wannan na sanda da allurar mai ba ni ba ne, tsohon ne, mahaifinta. Ni ban taɓa auna fetur da sanda ba." Ya juya shafi. "Wannan ma shi ne. Ai rabin abin nan nasa ne, Malam. Ita ta koya mini su."

"Rabin arba'in da uku ma ya isa."

Ya gyara tabarau. Ya ci gaba da juyawa har ya kai shafin salansa, bututun da ke rage ƙarar mota, ya tsaya, ya miƙo mini. "Wannan kuma ba ni ba ne, ba tsohon ba ne. Ni ba na karatu."

Na riga na ƙirga wannan layin, amma ban karanta shi har ƙarshe ba, don ya zagaya ta ƙasan shafi. Ya ce ƙarar ba ta hana shi karatu. Ƙarya yake. A canza salansa.

Ɗaya cikin arba'in da uku, kuma a cikinsa an ce ni maƙaryaci ne. Na rufe littafin.

Ya koma gida ya kawo injin huda da wani ɗan ƙarfe mai zaren hagu na ciro karyayyen noti. Rabin awa ya yi kafin guntun notin ya fito. Ya ɗaura sabo, ya cika man birki, ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya kwanta yana nishi.

"Hau kujera, Malam. Kada ka saki sai na ce. In ka saki da wuri iska ta koma, mun yi aikin banza."

Na ajiye sandar tsintsiya na hau. Gwiwoyina suna taɓa sitiyari.

"Taka."

Na taka sau uku, a hankali, na tsaya a ƙasa.

"Riƙe."

"Na riƙe."

"Saki."

Muka gama tayar baya ta dama, muka koma ta hagu. Ina jin birkin yana ƙara tauri a ƙarƙashin ƙafata kaɗan-kaɗan. A taya ta uku ya ce, "Riƙe, Direba," sai ya yi shiru. Ban ji motsin sifana ba. Na riƙe. Ban saki ba. Daga inda nake ƙafafunsa kawai nake gani, sun miƙe ba sa motsi. Abin da na yi shekara goma sha ɗaya ina zargi, a wannan shirun na tabbatar da rabinsa, rabin da yake nasa. Ɗaya rabin, nata, ta tafi da shi.

"Saki," in ji shi daga baya, da wata murya.

Da muka gama na tuƙa ta zuwa ƙarshen layi na dawo, yana gefena yana riƙe da ƙofa. A bakin gida na taka birki, ta tsaya cak har ya kusa buga kai.

"Tana tsayawa," na ce. "Kuma tana tafiya. A nan za ta zauna."

"Da ina za ta?"

Ban gaya masa ba. Auta in ta zo za ta ga abin da ta ce tana son gani, sauran kuma ba na jin akwai wanda zai amfana da shi.

Ya tattara kayansa, ya mayar da gwangwanin inda ya ɗauko shi. "Nan da wata uku za ta sake shan iska. Ka ƙwanƙwasa."

"Zan duba littafi."

"Duba." Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Amma Malam, ka taɓa yin aikin nan ne? Sabon hannu sai ya saki da wuri ko sau ɗaya. Kai ko kuskure ɗaya ba ka yi ba. Har takun ukun nan, irin yadda take so."

Na ce masa abu ne mai sauƙi ga wanda ya iya karatu. Ya yi murmushi ya fita.

Ba shi ya kamata ya ji amsar ba. Duk ranar da ta ce taka daga ƙarƙashin motar nan, ina zaune a teburina da littafi a buɗe, ƙafata ta dama tana danna daɓe sau uku. Ta ce riƙe, in riƙe. Ban taɓa saki ba sai ta ce. Wannan ne ban samu na gaya mata ba.